Firizar Goggo Barkisu

A Zangon Kumasi mace za ta iya ɓoye ciwo, za ta iya ɓoye ciki ma idan ta samu zane mai faɗi, amma ɓoye kuɗi sai wadda Allah ya ba baiwa. Goggo Barkisu, mai koko da ƙosai a bakin titin Sofoline, tana da wannan baiwar, kuma dole ce ta koya mata. Bakinta bai iya cewa a'a ba, ƙarya kuwa ko da wasa ba ta yi. Mace mai irin wannan hali idan aka san tana da ajiya, to ajiyar ta zama ta unguwa. Don haka ba ta bari a sani. Haka ta zauna lafiya da kowa, har ranar da 'yar riƙonta Huda ta kawo mata ci gaba.

Huda 'yar ƙanin Goggo ce, Alhaji Mukhtari mai shagon takalma a kasuwar Kejetia. Goggo ba ta taɓa haihuwa ba, shi ya sa tun daga yaye aka ba ta yarinyar. Sunanta na yanka Hauwa'u, sunan mahaifiyar su Goggo, don haka Goggo ba ta kiranta da komai sai "Uwata". Yarinya ta girma, ta yi karatun kwamfuta, ta samu aiki a wani ɗan kamfani a Ayigya, ɗaki ɗaya, fanka ɗaya, da matasa masu shegen surutu. Aikin da aka ɗora mata shi ne ta tsara manhajar waya ta ajiyar kuɗi, wadda mutum zai sa wani buri a gaba ya riƙa tarawa kaɗan-kaɗan har ya kai. Mai kamfanin ya ce yana son abu mai sauƙi, wanda ko tsohuwar da ba ta san bihim ba za ta iya sarrafawa. Huda ta ce ai tana da irin wannan tsohuwar a gida.

Goggo kuwa tana da buri, kuma Huda kaɗai ta sani. Likitan ido ya gaya mata ɓaro-ɓaro cewa hayaƙin itace ne ke cin idanunta, idan ba ta rabu da murhu ba, gani zai rabu da ita. Ita ba mai son a tausaya mata ba ce, ko ƙaninta ba ta gaya wa ba. Sai ta ƙulla a ranta za ta sayi firiza, babbar nan mai kama da akwati, kafin azumi ya shigo. Idan ta samu, ta kashe wuta ke nan, ta koma sayar da ƙanƙara da sobolo, wato zoɓo, mai sanyi ga masu buɗa-baki. Azumi ɗaya ya ishe ta ta tsaya da ƙafarta. Idan kuma ya wuce ta, sai wata shekarar a cikin hayaƙi, kuma idanun ba su yi alkawarin jira ba.

Huda ta zauna ta yi aiki mai kyau, wannan kam babu mai ƙwace mata. Ta cire rubutu gaba ɗaya. Mutum zai ɗauki hoton abin da yake so, hoton ya fito fari fat, duk sanda ya ajiye wani abu sai launi ya riƙa hawa daga ƙasa kamar ana zuba shayi a kofi. Kullum da la'asar manhajar za ta ɗebi ɗan abin da aka amince daga MoMo ɗin mutum, wato asusunsa na waya, ta kai ajiya. Idan kuma yana son kuɗinsa, dannawa ɗaya ce tak. Wannan dannawa ɗayar Huda ta fi alfahari da ita, har ta riƙa nuna wa abokan aikinta.

Da ta tsaya nan, da an kwana lafiya. Amma mai ilimi ba ya tsayawa inda ya kamata. Huda ta yi tunani ta gano cewa mutane na barin ajiya ne saboda babu mai yaba musu. Wanda ya watsar da kuɗi a biki ana kiran sunansa a lasifika, wanda ya ajiye kuwa ko sannu ba a ce masa. Sai ta nemo Kimba. Kimba Bazabarme ne, sanƙiran zango kaf, babu suna ko aure da ake yi ba shi da makirfonsa. Hausarsa ba ta san mace ba, ba ta san namiji ba, kowa "ya" ne a bakinsa, amma idan ya wasa mutum sai ya ji kamar ya sayar da gida ya ba shi. Huda ta biya shi, ta naɗi muryarsa, ta cusa a cikin manhajar.

"Danna nan, Goggo," ta ce ranar da ta kawo mata.

Goggo ta goge hannu a zane, ta danna a tsorace. Sai murya ta fashe daga wayar: "Sai Hajiya Barkisu! Mai koko na Sofoline! Ya ajiye yau, zai ajiye gobe! Firiza na hanya, paa!"

Goggo ko filin jirgi ba ta taɓa leƙawa ba, amma a bakin Kimba kowa Hajiya ne. Ta rufe baki da gyale tana dariya har da ƙwalla.

"Ja'irin mutum! Uwata, sake danna mini."

Ta kwashe ɗan abin da ta daɗe tana ɓoyewa ta zuba a ciki. Kuma saboda hayaniyar trotro, motocin hayan nan, a Sofoline ba ta barin mutum ya ji ko kansa, ta sa Huda ta ƙure mata ƙarar wayar. Launi ya yi ta hawa. Kullum da la'asar tana ɗaki ita kaɗai, Kimba ya wasa ta, ta yi murmushi ta ci gaba da gyaran wake.

Ranar da abin ya faru, suna ake yi a Ayigya Zango, na jikan Hajiya Safia. Mata sun cika rumfa, kujerun roba har bakin kwata. Goggo ta wuni a bayan gida tana tuƙa tukunya, kamar yadda ta saba a bikin kowa, sannan ta wanko fuska ta zo ta zauna. Huda na can gefe cikin 'yanmata masu rabon shinkafa. Wata malama ta tashi za ta yi addu'a, aka kashe kiɗa, kowa ya ɗaga hannu. Wuri ya yi tsit, ko tari babu. La'asar ta yi, kuma a ranar ne launi ya haye tsakiyar firiza, matakin da Huda ta tanadar wa kirari na musamman.

"Jama'a ku shaida!" in ji jakar Goggo. "Barkisu ya wuce rabi! Rabin firiza ya shigo gida! Kuɗi na nan kwance, babu mai taɓa shi!"

Kimba da kansa yana tsaye a bakin rumfa da makirfo a kashe. Ya kalli makirfon, ya bubbuga shi, ya ja da baya yana a'uziyya. Goggo ta rasa abin yi, ta ɗaga jakar ta zauna a kai. Kimban waya bai damu ba, ya ƙarasa kirarinsa daga ƙarƙashinta har da guɗar da Huda ta ƙara a ƙarshe don ado. Malama ta shafa Fatiha a gurguje. Huda ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige, ita da farantin shinkafar.

Washegari tun kafin kokon farko ya ƙare aka fara zuwa. Babu wanda ya ce ya ji komai, a'a, mutanen zango ba su da wannan rashin kunyar. Kowa dai ya tuna da Goggo ne kwatsam. Hajiya Safia, wadda ita ke shigo da yayi, atamfar nan da mata ke ɗinkawa iri ɗaya idan za a yi biki, ta zo da na aure uku masu tahowa, ta ce ta ware mata ne tun kafin a wawashe. Wata ƙawa ɗanta na asibiti. Wani ɗan'uwa na nesa, da rabon a gan shi tun rasuwar mijin Goggo, ya zo gaisuwa, ya zauna ya zauna har ya tuna mai gidan haya ya ɗaga masa hankali. Duk wanda ya ce "Akwai?", Goggo sai ta kalli wuta, ta kalli sama, ta ce akwai. Kuma dannawa ɗaya ce tak. Manhajar ta yi sauƙi ƙwarai, kamar yadda aka nema.

Wanda ya fi kowa yin babban yanka shi ne Alhaji Mukhtari. Shi dama kullum bayan asuba yana biyowa da abokansa na masallaci su zauna a benci su sha koko, kuma tun da aka kafa bencin ba a taɓa ganin hannunsa ya shiga aljihu ba.

"Yaya," ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "kayan Sallah sun iso, kuɗin fitarwa ne ya ɗan tsaya mini. Bayan Sallah zan mayar miki har da tukuici. Firiza ai ba gudu za ta yi ba."

Goggo ita ta goya shi yana jariri. Ta danna. Launi ya sauko har ƙafafun firizar.

Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi sauƙi. Da yamma ta miƙa wa Huda wayar da hannu biyu, cikin ladabi.

"Madam Huda, ga kayanki. An gode."

Madam. Huda ta shiga ɗaki ta yi kuka mai isarta. Ba kunyar rumfar suna ce ta dame ta ba. Kullum da safe tana ganin matar da ta raine ta durƙushe gaban murhu, idanu jajur, tana lalubar ludayin da ke gabanta, kuma ta san hannunta ne ya mayar da ita can. Ga watan Sha'aban ya kama.

A wurin aiki ta kulle cire kuɗi, yanzu sai buri ya cika mutum zai taɓa ajiyarsa. Gyara ne mai kyau, amma kulle ba ya dawo da abin da ya riga ya fita. Mai kamfanin da ya gama dariyar labarin ya ce a cire muryar nan kafin ta kashe wa wani aure. Huda ta tafi neman Kimba ta sanar da shi an sallame shi.

Ta same shi a wani gidan aure yana bakin aiki, ta tsaya jira. A nan ta ga wani abu. Wata mata da duk zango ya san ko gaisuwa ba ta bayarwa kyauta ta tashi neman ruwan sha, tsautsayi ya bi da ita ta gaban Kimba. Nan take ya ɗaga makirfo ya sanar da jama'a cewa ga Hajiya ta taso da kanta za ta yi wa amarya gudummawa. Aka ɗau tafi. Matar ta tsaya turus, ta yi wani murmushi kamar mai ciwon haƙori, ta buɗe jaka. Ko ruwan ba ta sha ba ta koma kujerarta.

Huda ta daɗe tana kallon jakar nan. Wata dariyar mugunta ta taso mata tun daga ciki. Da Kimba ya samu sarari ya zo, ba ta sallame shi ba, sabon aiki ta ba shi. Ya saurara, ya sosa ƙeya.

"Chale, kai yarinya, kai mugu ne koraa," ya ce da salon maganar 'yan Kumasi. "Wannan aiki, kuɗinsa ya fi na farko."

Sabuwar manhajar ba ta magana sai an taɓa ta. A ƙarƙashin hoton firiza Huda ta jera ƙananan hotuna uku: gyale, hula, da takalmi. Ta samu Goggo tana surfen wake a tsakar gida, ta durƙusa ta yi mata bayanin gyale da hula: gyale na mata masu zuwa rance ne, hula na maza.

"Ni ba maroƙiya ba ce, Madam," Goggo ta ce ba tare da ta ɗago ba.

"Ba ke za ki yi magana ba, Goggo. Kimba ne, kuma sana'arsa ce."

"Ɗauke mini shi daga nan."

"Goggo, sunan wa aka yi a zangon nan ba ki kai gudummawa ba? Auren wa aka yi ba ki sayi yayi ba? Ki gaya mini mutum ɗaya da ya taɓa kawo miki."

Taɓarya ta tsaya. Sai da maganar ta fita Huda ta ji nauyinta. Gudummawa ai ramawa ake yi, ranar sunan ɗanka ko auren 'yarka. Goggo ba ta taɓa yin suna ba. Shekara da shekaru tana kaiwa, ranar da za a kawo mata ba ta taɓa zuwa ba, kuma babu wanda ya taɓa faɗin haka a gabanta sai yau. Huda ta so ta haɗiye maganarta, ba dama. Goggo ta ci gaba da surfe, a hankali.

"Wannan takalmin fa?" ta tambaya can, har yanzu ba ta kalle ta ba.

"Shi kada ki taɓa shi."

Ranar Asabar Huda ba ta da aiki, ta bi Goggo Sofoline taya ta zuba koko. Wayar na cikin aljihun Huda. Layi ya yi tsawo, direbobi da kwandastoci da mata masu zuwa kasuwa, sai ga Hajiya Safia da leda a hammata. An samu aure na huɗu.

"Barkisu, wannan kam ba na bari ya wuce ki. Kalarki ce sak."

Goggo ta fara kallon wuta. Huda ta zura hannu a aljihu, ta ciro wayar, ta danna gyale.

"Jama'a ku saurara!" Kimban waya ya tsage da murya. "Ga babban Hajiya ya taso takanas! Ya ce ba zai iya barci ba sai ya kawo gudummawa na firiza na Barkisu! Mai hannu sake! Hajiya, nawa za mu faɗa wa jama'a?"

Kwandastoci ba sa bari abin tafi ya wuce su. Suka ɗau tafi da fito. Wani direba ya danna hon. Hajiya Safia ta juya hagu, ta juya dama, ko'ina idanu ne. Mace ce da sunanta shi ne jarinta, wa zai sake sayen yayi a hannun wadda aka ce ta gudu daga gudummawa a gaban 'yan trotro? Ta danne ledar a hammata, ta buɗe jaka, ta zaro, ta ɗaga sama yadda kowa zai gani, tunda dai an riga an cuce ta. Fataw mai rumfar MoMo da ke gefe ya karɓa ya tura. Launi ya ɗan motsa sama. Kimba ya bi ta da godiya har ta tsallaka titi, ledar yayin ma ta manta ba ta bar wa Goggo ba.

Huda ta ga kafaɗun Goggo na rawa a gaban kasko, kuma ba kuka take ba. Da za su tashi ta miƙo hannu.

"Kawo in riƙe, kada ta faɗa miki a mai."

Daga ranar Goggo Barkisu ta zama abin tsoro. Har yanzu ba ta iya cewa a'a, ba ta kuma yi wa kowa ƙarya. Mutum zai zauna ya fara jero matsalolinsa, ta tausaya masa da gaske, ta girgiza kai, sai ɗan yatsanta mai ƙullun ƙosai ya sauka a kan hula ko gyale. "Af, hannuna ne ya je," take cewa, kuma gaskiya ne, shi ya je. Ɗan'uwan nan na nesa ya dawo neman ƙari, ya tafi ya bar kuɗin motarsa, ya taka da ƙafa. Ƙawar da ɗanta ke asibiti kuwa Goggo ba ta danna mata ba, ta ma ƙulla mata ƙosai ta kai wa yaron. Masu zuwa rance suka ɗauke ƙafa. Wasu kuma, abin mamaki, suka fara zuwa da gangan, don akwai mutanen da za su biya ko nawa ne a kira su masu hannu sake a bakin titi.

Launi ya hau, ya hau, ya zo ya tsaya a wuyan firiza. Abin da ya rage daidai yake da ramin da Alhaji Mukhtari ya haƙa, kuma an fara maganar duban wata. Shi kuwa kullum yana benci yana shan koko, yana ƙyaƙyata dariyar waɗanda aka kama, har yana ba abokansa labarin fuskar Hajiya Safia. Ya san yayarsa ba za ta danna masa hula ba.

"Na san na wane ne takalmin nan," Goggo ta ce wa Huda. "Ba zan taɓa ba. Ni na goya Mukhtari."

Huda ta kwana da abin a ranta. 'Ya ba ta tsayawa gaban mahaifinta ta ce ya biya bashi, ko da kuwa ta karanta kwamfutar duniya. Ko ido ba ta iya haɗawa da shi. Amma da safe ta ga Goggo ta kai hannu za ta ɗauki ludayi ta kama bakin kasko mai zafi, ta yarfe hannu ta yi shiru don kada a lura. Alhaji na benci da abokansa, ya miƙo kofi a ƙara masa. Huda ta ɗauki wayar daga kan tebur. Ta jefa ta cikin wani kwanon silba da babu komai, don ƙara ta fi fita, ta danna takalmi.

Wannan kirarin Kimba ya zuba masa duk basirarsa. Ya fara daga kakan Alhaji da ya zo Kumasi fataucin goro, ya gangaro kan mahaifinsa, ya zo kan shagon Kejetia da ya ce rabin mutanen Asante da takalminsa suke tafiya. Alhaji ya so ya haɗe rai, amma kirari ya yi daɗi, har ya fara gyara zaman hula. Abokansa na ta jinjina masa.

"Alhaji Mukhtari! Ƙani na Barkisu, wanda ya hau bayansa yana jariri! Ya ce shi zai cika sauran! Ya ce ba zai bari hayaƙi ya kashe idon yayansa ba, yana raye!"

Hannun Alhaji ya tsaya a kan hular.

"Wane ido?"

Ya kalli Huda, ta sunkuyar da kai. Ya tashi ya zagaya bayan tebur, inda bai taɓa zuwa ba, hayaƙi ya buge shi har ya yi tari. Ya durƙusa ya kalli fuskar yayarsa da kyau. Rabon da ya yi mata irin wannan kallon shi kansa ba zai tuna ba.

"Yaya, tun yaushe?"

"Kai dai sha kokonka," Goggo ta ce, tana harar Huda da jajayen idanun.

Bai sha ba. Ya wuce rumfar Fataw, ya daɗe yana danne-danne da kiraye-kiraye, har da ɗaga murya ga wani a Kejetia. Can sai hoton firiza ya cika da launi har murfi. Ya dawo ya tsaya a kan Huda. Ta sadaƙar yau mai raba ta da shi sai Allah.

"Ke kika danna?"

"Ni ce, Baba."

Ya waiga ya ga abokansa ba sa ji, ya rage murya.

"Wancan wurin na kakanmu da goro. Ki tura mini shi a wayata."

Hajiya Safia ce ta ƙirƙiro maganar suna, kuma da biyu ta yi. Ta ce tunda an karɓi gudummawarsu a bainar jama'a, to abin da aka yi wa gudummawa dole a yi masa taro a ci shinkafa. Goggo ta ce ba ta son shashanci. Amma zango ba a yi masa tayin taro sau biyu, kuma kafin a ankara Hajiya Safia ta fitar da yayi, ta mayar da abin da ta bayar har da riba.

Ana jibi azumi aka kawo firiza a bayan aboboya, babur ɗin nan mai ɗaukar kaya, yara na bin ta da gudu. Aka kafa rumfa a ƙofar gida. Malama ta yi addu'ar albarkar sana'a, wannan karon babu jakar da ta katse ta. Da aka jona ta a wuta kowa ya riƙe numfashi, don masu wuta ba su da tabbas, sai ta yi gurnani ta kama, mata suka rangaɗa guɗa. Kimba na gaske ya ɗaga makirfo ya ce sunan jariri Hajiya Ƙanƙara, Allah ya raya.

Goggo ta nufi bayan gida wajen tukwane, don ƙafarta can ta sani. Mata suka tare ta, suka juyo da ita, suka zaunar da ita a kujerar tsakiya mai matashi, wadda mai biki ke zama a kai. Suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya cikin atamfa iri ɗaya, kowace ta durƙusa ta ce, "Barka, Barkisu," ta ajiye mata ɗan abu a cinya. Ta zauna a takure, ta rasa inda za ta sa hannuwanta.

Huda ta matso da robar sobolo na farko da ya yi sanyi, ta durƙusa a gefenta. Ta ga ruwa na gangarowa a kumatun Goggo, yana ɗiga a kan sabuwar atamfar.

"Goggo, lafiya?"

Goggo ta kama hannunta ta riƙe gam.

"Hayaƙi ne, Uwata."

Huda ta waiga. Murhun Sofoline na jingine a bango tun jiya, an wanke shi, ko toka babu a ciki. Ta gyaɗa kai, ta ce lallai yau hayaƙin ya yi yawa.